Me Ke Hana Ma'aikatan Asibiti Tsaftace Hannu? Tambayoyi da Amsoshi

Babu likita ko nas ko ungozomar da ta gama makaranta ba ta san hannu na kwasar cuta daga wannan gado ya kai wancan ba. An koyar da su, an tambaye su a jarrabawa, sun ci. Amma a galibin wuraren da aka tsaya aka ƙirga, sai a tarar lokutan da aka tsallake tsaftace hannu sun fi waɗanda aka yi yawa. Ga tambayoyin da masu jinya da ɗaliban kiwon lafiya da shugabannin asibiti suka fi yi a kan lamarin.

Da gaske ne ma'aikatan asibiti ba sa tsaftace hannu yadda ya kamata?

Da gaske ne, kuma abin bai tsaya a ƙasashen da talauci ya yi wa katutu ba. A 2010 wasu masana a ƙasar Holan sun tattara bincike 96 da aka gudanar a asibitocin ƙasashe masu arziki, inda ruwa ba ya ɗaukewa, sabulu ba ya yankewa. Sun gano cewa a cikin lokuta 100 da ya wajaba ma'aikaci ya tsaftace hannu, kusan 40 kawai ake yi. Nas-nas sun kai kashi 48, likitoci suka tsaya a 32. Ɗakin masu jin jiki sosai, inda ya kamata a fi ko'ina taka-tsantsan, can ne ma abin ya fi yin ƙasa, tsakanin kashi 30 zuwa 40. A nan Afirka ta Yamma kuwa, da aka ƙirga a asibitin Point G na Bamako, babban birnin Mali, kafin a fara wani shirin gyara, kashi 8 aka samu.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a cikin marasa lafiya 100 da aka kwantar, 7 a ƙasashe masu arziki, 15 a ƙasashe masu tasowa, za su kamu da cutar da ba da ita suka zo ba, kuma kusan ɗaya cikin goma na waɗanda suka kamu ba ya tashi. Irin wannan cutar ita ce ɗinkin tiyatar da ke yin ruwa, da wurin allurar ƙarin ruwa da ke kumbura, da zazzaɓin da ke rufe jariri kwana uku bayan haihuwa. Ba duka ne daga hannu ba, amma hannu ne babbar hanyarsu.

Yaushe ne ake so ma'aikaci ya tsaftace hannunsa?

Lokuta biyar ne, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara a ƙa'idojin da ta fitar a 2009: kafin a taɓa mara lafiya, kafin aikin da ke buƙatar cikakkiyar tsafta kamar allura ko wankin ciwo ko sa robar fitsari, bayan an yi hulɗa da jini ko fitsari ko majina da makamantansu, bayan an taɓa mara lafiya, sai bayan an taɓa kayan da ke kewaye da shi. An kuma zaɓi 5 ga watan biyar, wato Mayu, ta zama ranar tunawa da tsaftar hannu a asibitoci.

Na ƙarshen yana cikin waɗanda aka fi mantawa. Nas ta zo ta gyara gudun ƙarin ruwa, ta dafa ƙarfen gado, ta ɗaga fayil ta ajiye, ba ta taɓa jikin kowa ba, sai ta wuce gado na gaba tana ganin hannunta fes yake. Alhali ƙarfen nan mara lafiya ya wuni yana kama shi.

To, tunda sun sani, me ke hana su?

Na farko lokaci. Wanke hannu da ruwa da sabulu yadda ya dace yana cin daƙiƙa 40 zuwa 60, ban da tafiya wurin famfo da dawowa da neman abin tsane hannu. A ɗakin masu jin jiki sosai, nas ɗaya tana iya buƙatar tsaftace hannu sau 20 a awa guda. Mai karatu ya yi lissafin da kansa. A 1997 wasu likitoci biyu, Voss da Widmer, sun yi shi: a ɗakin da nas 12 ke aiki, idan za a cika ƙa'ida ɗari bisa ɗari da ruwa da sabulu, awa 16 na aikinsu za su tafi a zirga-zirgar famfo a zangon aiki ɗaya. Idan kuwa man goge hannu ne, wato sanitaiza, a ajiye a bakin gado, kimanin awa uku ya wadatar.

Shi ya sa binciken da aka yi a babban asibitin Jeniba ta ƙasar Suwizalan ya nuna abin da ya kamata ya tayar wa kowa hankali: gwargwadon yawan aiki, gwargwadon raguwar tsaftace hannu. Ke nan lokacin da cuta ta fi samun damar yaɗuwa, shi ne lokacin da aka fi sakin jiki. Duk wanda ya taɓa kwana a ɗakin yara a tsakiyar damina, maleriya ta cika gadaje har ana kwantar da yara biyu a gado ɗaya, nas biyu na fama da ɗaki guda, ya san ba rashin ilimi ne ya hana su zuwa famfo ba.

Na biyu gajiya. Wani bincike da aka wallafa a 2015, wanda ya bi ma'aikata sama da 4,000 a asibitoci 35 na Amurka, ya nuna tsaftace hannu na raguwa da kusan kashi 9 daga farkon aikin awa 12 zuwa ƙarshensa, kuma waɗanda suka samu isasshen hutu tsakanin aiki da aiki sun fi kiyayewa idan sun dawo. Asibitin da ke haɗa wa ma'aikaci aikin kwana da na safe ba hutu, ya san da wannan kafin ya kafe masa takardar gargaɗi a bango.

Me ya sa aka fi wankewa bayan an taɓa mara lafiya, ba kafin a taɓa shi ba?

Wannan ita ce tambayar da ta fi tona asirin lamarin. A binciken nan na 2010, kafin taɓa mara lafiya kashi 21 ake tsaftace hannu, bayan taɓawa kuwa kashi 47. Wankewar baya tana kare ma'aikaci ne, ta farko kuma tana kare mara lafiya. Ɗan Adam tun yana ƙarami aka koya masa wanke hannu idan ya taɓa abin ƙyama, saboda haka idan jini ko amai ya taɓa shi ba ya jiran a tuna masa. Amma ya gaisa da tsoho mai fara'a, ya ɗaura masa abin awon jini, babu abin da zai ji a jikinsa da zai ce masa ya tafi famfo. Ƙwayoyin cutar da ke kisa a asibiti ba su da wari, ba sa danƙo, ba a ganinsu.

Mun ga haka ƙarara a Nijeriya a 2014, da Ebola ta shigo Legas a watan Yuli. Mutum 20 suka kamu, 8 suka rasu, cikinsu har da Dakta Ameyo Adadevoh, likitar da ta duba mutumin da ya shigo da cutar. A 'yan watannin nan babu ƙofar asibiti ko banki da ba ka ganin bokitin wanke hannu da kwalbar sanitaiza. Da aka sanar a watan Oktoba cewa cutar ta kau, a hankali bokitan suka bushe. Zuwan korona a 2020 aka maimaita. Tsoro yana sa a wanke hannu, sai dai tsoro ba ya daɗewa.

Akwai wani ɗan gwaji da aka yi a Amurka da ya dace da nan. An manna sanarwa iri biyu a wuraren wanke hannu, ɗaya ta ce tsaftar hannu na kare ka daga kamuwa da cuta, ɗayar ta ce tana kare marasa lafiya. Ta biyun ce ta sa aka ƙara wankewa. Ma'aikacin lafiya ya saba ganin kansa a matsayin wanda cuta ba ta kamawa, amma idan aka tuna masa da wanda ke kwance a gabansa, jikinsa na yin sanyi.

Me ya sa likitoci suka fi nas-nas sakaci?

Tsohon ciwo ne. A babban asibitin birnin Biyana na ƙasar Ostiriya, wajen 1840 zuwa 1847, akwai ɗakunan haihuwa biyu. A wanda likitoci da ɗalibansu ke karɓar haihuwa, kusan mace ɗaya cikin goma na mutuwa da zazzaɓin jego. A wanda ungozomomi ke riƙe da shi, abin bai kai rabin haka ba. Wani matashin likita ɗan ƙasar Hangari, Ignaz Semmelweis, ya lura cewa likitocin daga ɗakin binciken gawa suke fitowa su wuce kai tsaye su duba masu naƙuda, ungozomomi kuwa ba ruwansu da gawa. A watan Mayun 1847 ya tilasta wanke hannu da ruwan kulorin. A watan Afrilu mace-macen sun kai kashi 18, cikin 'yan watanni suka faɗo zuwa kusan kashi 2. Da yawa daga manyan likitocin zamaninsa ba su karɓa ba, don karɓar tana nufin amincewa cewa hannunsu ne ke kashe matan. Ya rasu a 1865 a gidan masu taɓin hankali.

Yau babu likitan da zai musa maganar da baki. Abin da ya rage shi ne likita yana ɗaukar taɓawarsa a matsayin 'yar gajeruwa: ya danna ciki, ya buɗe ido, ya ɗaga bandeji ya leƙa, ya wuce. A zagayen safe zai iya taɓa mutum talatin a jere, ya ratsa ɗakuna uku, abin da nas mai tsaye a ɗaki ɗaya ba ta yi. Ga kuma yarda da kai. A wani asibitin yara a birnin Melbon na Ostireliya, an tambayi likitoci sau nawa suke wanke hannu, suka ƙiyasta kashi 73. Da aka sa musu ido a ɓoye, kusan kashi 10 aka gani. Ba ƙarya suka shirya ba, haka suka ɗauka da gaske, kuma wannan ya fi ƙarya wuyar magani.

Sai kuma tasirin babba. Wani bincike a birnin Shikago na Amurka da aka fitar a 2003 ya nuna cewa idan wanda ya fi kowa muƙami a ɗaki bai wanke hannu ba, na ƙasa da shi ma da wuya su wanke. A wurin da ake girmama na gaba kamar namu, abin ya fi ƙarfi. Wane ɗalibi ne zai tsaya murza hannu alhali babban likita ya riga ya kai gado na gaba yana jefo tambaya? Wace ƙaramar nas ce za ta ce masa, "Ranka ya daɗe, ba ka goge hannu ba"? A ganina, babban likita ɗaya da zai tsaya a bakin kowane gado ya murza hannunsa a gaban tawagarsa ya fi taron bita goma amfani.

Ba rashin ruwa da sabulu ba ne tushen matsalar a asibitocinmu?

Babban ɓangare ne, kuma zalunci ne a zargi ma'aikaci da ƙazanta a ɗakin da famfonsa ya shekara bai ɗiga ba. Rahoton haɗin gwiwa na Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF na 2022 ya ce rabin cibiyoyin lafiya na duniya ba su da cikakken tanadin tsaftace hannu a wurin duba marasa lafiya da kuma bakin banɗaki. Inda ruwan ya dogara da wutar lantarki ta tura shi tanki, ko da mai kura ya kawo jarka, dole a riƙa tsimin sa. Daga nan ake faɗawa dabarun da suka fi rashin wankewar haɗari: daro ɗaya na ruwa da kowa ke tsoma hannu tun safe, tawul guda a rataye ya jiƙe sharkaf, guntun sabulu kwance cikin ruwansa. Bokiti mai famfo a gindi da wata ma'aikaciyar lafiya 'yar Gana, Veronica Bekoe, ta ƙirƙiro, ya magance tsoma hannu a ruwa ɗaya, da sharaɗin akwai wanda aka ɗora wa cika shi da wanke shi.

Amma idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. A binciken nan na Shikago, ma'aikatan sun tashi daga tsohon gini suka koma sabo mai wurin wanke hannu a kowane ɗaki, kuma tsaftace hannun bai ƙaru ba, raguwa ma ya yi. Kayan aiki sharaɗi ne, ba su ne ke wanke hannun ba.

Sanitaiza ta kai ruwa da sabulu kuwa?

A yawancin aikin asibiti ta fi su. Tana kashe ƙwayoyin cuta da sauri, daƙiƙa 20 zuwa 30 sun isa, ana iya murzawa ana tafiya, kuma kwalbar na shiga aljihu. Ba ta da wuyar haɗawa: tsarin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar ya ƙunshi alkohol kashi 80, da ɗan gilisarin don taushin fata, da ɗigon haidirojin ferokzaid, da tsaftataccen ruwa, kuma sashen magunguna na asibiti zai iya haɗa shi.

Tana da iyaka. Idan ana ganin datti ko jini a hannu, ko an fito daga banɗaki, sai ruwa da sabulu. Haka idan ana jinyar mai gudawar da ƙwayar Clostridium difficile ke haddasawa, don alkohol ba ya kashe ƙwayayenta. Kuma wadda aka tsinka da ruwa don ta yi auki, ko aka ɗiga kaɗan ta bushe cikin daƙiƙa biyar, sunan tsafta kawai aka yi.

Da hunturu ƙorafin kaushi da tsagewar hannu ke yawaita, kuma sanitaiza ake ɗora wa laifi saboda ita ke yin zafi idan ta shiga tsaga. Galibi wankin sabulu mai kaifi sau da yawa ne ya tsaga fatar tun farko, musamman inda garin sabulun wanki ake ajiyewa a bakin famfo. Fatar da ta tsage ta fi riƙe ƙwayoyin cuta, mai ita kuma zai riƙa gudun wankewa. Man shafawa na hannu kayan aiki ne a asibiti, ba kwalliya ba.

Akwai alkohol a ciki. Ya halatta Musulmi ya shafa?

Tambayar ta taso a ƙasashe da dama, har ƙa'idojin 2009 suka ware babi guda a kan addini da al'ada. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗatul Alamil Islami, a zamanta na Makka a watan Janairun 2002, ta halatta amfani da alkohol wajen tsaftace ciwo da kashe ƙwayoyin cuta da haɗa man shafawa. Asibitocin Saudiyya suna amfani da sanitaiza, biyu daga cikinsu a Riyad ma suna cikin wuraren da aka fara gwada shirin tsaftar hannu na Hukumar Lafiya ta Duniya. Shugaban asibitin da ya lura ma'aikatansa na ɗari-ɗari da ita, gara ya gayyato malamin da suka yarda da shi a yi maganar a fili, maimakon ya bar kowa da waswasinsa.

Wanda ke alwala sau biyar a rana fa?

Alwala ibada ce kuma tsafta ce, amma ba a yin ta da sabulu, ba a kuma yin ta tsakanin gado na uku da na huɗu. A asibiti lokacin da aka tsaftace hannun shi ne magana.

Idan an sa safar hannu, ba shi ke nan ba?

Nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa, har da masu jinya, waɗanda hankalinsu ke kwanciya da sun ga farar safa. Safar na iya samun ƙananan huji da ido ba ya gani, kuma hannu na gurɓata wajen cire ta, don haka ana tsaftace hannu kafin a sa da bayan an cire. Mafi muni shi ne a sa guda ɗaya a zagaye ɗaki da ita: a cire wa wannan allura, a rubuta a fayil, a amsa waya, a gyara wa wancan robar hanci. Mai safar ya tsira, ya raba wa kowa abin da ya kwaso. Inda ake sa masu jinya su sayo safar da kuɗinsu, tsimin ta na ƙara jawo wannan.

Zobe da farce da agogo suna da tasiri?

Suna da shi. Ƙarƙashin zobe da dogon farce da farcen kanti matattarar ƙwayoyin cuta ce, agogo da dogon hannun riga kuma suna hana wanke wuyan hannu. Wayar salula ma haka, tunda da an gama murza hannu ita ake fara ɗauka.

Taron bita da manna hotuna a bango suna aiki?

Su kaɗai, na 'yan makonni ne. Abin da ya yi aiki a Jeniba ƙarƙashin jagorancin Farfesa Didier Pittet haɗin abubuwa ne: an sa kwalbar sanitaiza a kowane gado da aljihun ma'aikata, ana ƙirgawa a kai a kai ana nuna wa kowane sashe sakamakonsa, ana sauya hotunan tunatarwa, shugabannin asibiti kuma suka tsaya a kan lamarin da kuɗi da baki. Tsaftace hannu ya tashi daga kashi 48 a 1994 zuwa 66 a 1997, cututtukan da ake ɗauka a asibitin suka sauka daga kusan kashi 17 zuwa kusan 10. Ko a can ɗin, likitoci ba su motsa sosai ba. A Bamako, da aka bi irin wannan tsari da sanitaizar da asibitin ya haɗa da kansa, an tashi daga kashi 8 zuwa kusan 22. Da sauran tafiya, amma ninki kusan uku ne.

Bita ta fi komai sauƙin shiryawa, ana ɗaukar hoto, ana rubuta rahoto. Tabbatar da cewa kwalbar da ke bakin gado na goma sha biyu ba ta ƙare ranar Asabar da dare ba, shi ne aikin da ba mai yabawa. Kuma a yawancin bitar ana mantawa da masu shara da masu tura gado, alhali su ma suna taɓa komai.

Ta yaya ake sanin ana yi ko ba a yi?

Hanyar da aka fi yarda da ita ita ce a sa wanda aka horar ya tsaya yana kallo yana ƙirgawa. Matsalarta aikin ganin ido. A wani asibiti a Toronto ta Kanada, na'urori sun nuna cewa amfani da kayan tsaftace hannu na ninkawa kusan sau uku a inda ake hango mai ƙirgar. Saboda haka duk asibitin da ya ce ya kai kashi 95, a tambaye shi wa ya ƙirga, kuma lita nawa ta sanitaiza sashen ya sha a watan. Idan sakamakon ƙirgar ya zama abin hukunta mutum ɗaya-ɗaya, alƙaluma za su yi kyau, hannaye su zauna yadda suke.

Mai jinya zai iya tuna wa likita ko nas?

Zai iya, kuma haƙƙinsa ne, sai dai kowa ya san nauyin bakin. Mutum na tsoron a ce ya raina ma'aikaci, a juya wa mara lafiyarsa baya. Dabara ta fi fito-na-fito. Ajiye ƙaramar kwalba a kan durowar gado, idan an zo sai a miƙa: "Sista, ga sanitaiza nan kusa da ke," ko "Likita, bismilla, ga ta nan." Da wuya a ƙi. Asibitin da ke son a riƙa tunatarwa kuwa, shi ya kamata ya fara faɗa wa mutane tun ranar kwantarwa cewa an yarda su yi.

Mai jinya kuma ya duba nasa hannun. A asibitocinmu dangi ne ke kai fo su zubar, su sauya zanen gado, su juya mara lafiya, su ba shi kunu, wani lokaci har su taimaka wa na gadon kusa da ba shi da kowa. Lokutan nan biyar sun hau kansu su ma. A wanke da sabulu bayan fo da kafin ba da abinci, kada a taɓa bandeji ko wurin allurar ƙarin ruwa, kuma 'yan barka su haƙura da karɓa-karɓar jaririn da ke kwance a asibiti har sai an sallame shi.